Lissafi ko Ido: Da Me Za a Auna Ahmed Musa?

A watan Satumba na 2021, bayan Super Eagles ta ci Cape Verde 2-1 a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya, aka sanar da cewa Ahmed Musa ya cika wasa 100 cif da rigar ƙasa. Ana cikin yi masa barka sai Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ta dawo ta ce a dakata, a littafin FIFA wasa 98 ne. Biyu sun zube. Ɗaya wasan sada zumunta ne da Togo a 2017, wanda aka wuce ƙa'ida wajen canjin 'yan wasa. Ɗayan kuwa wasan Aljeriya ne a watan Nuwamba na shekarar, an tashi 1-1, daga baya FIFA ta ba Aljeriya 3-0 saboda an sa Shehu Abdullahi, mutumin Sakkwato, alhali katin gargaɗin da ya tara ya kamata ya zaunar da shi. Musa ya shiga fili a wasannin nan biyu, jama'a sun gan shi, amma alƙalami ya ce bai buga ba. Sai da ya sake buga wasu biyun kafin a yarda ya kai 100.

Abin dariyar shi ne, a majalisun Kura da Bunkure kowane ɓangare da wannan labarin yake kafa hujja. Idan an taso daga ban ruwa, aka yi sallar magariba, aka hallara a ƙofar gidan kallo ana jiran a tayar da janareta, gardamar ba ta wuce iri biyu. Samari masu waya a hannu suna cewa ƙwallo lissafi ce: wasa nawa, ƙwallo nawa, kofi nawa. Ka ga har FIFA ba ta yi wa kyaftin ɗin ƙasa alfarmar wasa biyu ba, shi ya sa abin da ta rubuta ya zama abin dogaro. Manyan kuma, waɗanda suka kwana kusa da rediyo a 1994, suna cewa littafin da zai goge zufar mutum saboda kuskuren wani ma'aikacin ofis ba shi ne zai gaya musu waye ɗan wasa ba. Za ka ji yaro ya ce, "Kawu, a duba mana, ai a rubuce yake." Kawun ya ce, "Kai yaro, ni da idona na kalli Yekini."

Bari mu fara da masu lissafi, don kayansu ya fi yawa.

A Jos aka haifi Ahmed Musa a 1992, amma Kano ce ta fito da shi. A kakar 2009/2010, yana yaro ɗan shekara 17, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar lig. Kafin shi, 17 ɗin da Ishaya Jatau ya ci a 1990 ita ce ƙololuwa, ta shekara 20 ba wanda ya wuce ta. Daga nan sai VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA Moscow a farkon 2012. A Rasha ya ɗauki kofin lig sau uku, 2013 da 2014 da 2016, ya haɗa da kofin ƙalubale na ƙasar, kuma ƙwallayen da ya ci musu a lig sun haura 40. A 2016 Leicester City, tana riƙe da kambun Firimiya ta Ingila, ta saye shi a kan kusan fam miliyan 16, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba kafin ranar. Ya je Al-Nassr a 2018 ya ci kofin lig na Saudiyya a kakarsa ta farko. Ya dawo Pillars a 2021, ya tafi Turkiyya ya buga wa Fatih Karagümrük da Sivasspor, ya sake dawowa Pillars a 2024.

A rigar ƙasa kuwa nan ne masu lissafi suke ɗaga murya. Tun a 2010 ya fara, ya shiga canji a wasan Madagaska. Yana cikin tawagar Stephen Keshi da ta ɗauko kofin Afirka a 2013 a Afirka ta Kudu, shi ya ci ta huɗu a ragar Mali a wasan kusa da na ƙarshe. A ranar 25 ga Yuni 2014 a Barazil, a wasan kofin duniya da Ajantina, Messi ya ci a minti na 3, Musa ya farke a minti na 4. Messi ya ƙara dab da hutu, Musa ya sake farkewa ana dawowa. Ajantina ta ci 3-2, amma ba a taɓa samun ɗan Najeriya da ya ci biyu a wasa ɗaya na kofin duniya ba sai ranar. Bayan shekara huɗu, ranar 22 ga Yuni 2018 a Volgograd, ya maimaita a kan Ayislan. Ta farkon Victor Moses ne ya bugo, ya tare ta da ƙafa ɗaya a sama ya ɗirka kafin ta huta. Ta biyun kuwa gudu ne tsagwaronsa: ya bar ɗan baya, ya kwantar da gola, ya tsaya ya zaɓi kusurwa. Ƙwallo huɗu a kofin duniya, ba Yekini ba, ba Amokachi ba, ba Okocha ba, babu ɗan Najeriyar da ya kai haka. Sannan ya zarce Joseph Yobo da Vincent Enyeama masu wasa 101 kowanne, ya zama wanda ya fi kowa sa rigar Super Eagles.

Hujjar masu lissafi ba ta tsaya ga jero waɗannan ba, kuma a nan ne na fi jin nauyinta. Suna cewa ido yana da son kai, tunani kuma yana da mantuwa. Ka ambaci Sani Kaita a kowace majalisa, abin da za a fara tunawa shi ne jan katin da ya karɓa a wasan Girka na kofin duniya a 2010, lokacin Najeriya tana gaba da 1-0, aka ƙare an ci ta 2-1. Daƙiƙa guda ta fushi. Wa yake tuna cewa yaron nan na Kano yana cikin waɗanda suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, kuma ya rataya lambar azurfa a wasannin Olamfik na 2008? Littafi ne kaɗai bai manta masa ba. Haka Garba Lawal na Kaduna: ba shi da rawa da ƙwallo irin ta Okocha, shi ya sa ba a yawan hira a kansa, amma yana cikin waɗanda suka ci zinare a Atlanta a 1996, ya je kofin duniya a 1998 da 2002. Ɗan wasan da aikinsa tare ƙofa ne da toshe ɓaraka, ido ba ya yi masa adalci. Kuma, in ji su, a bar batun son zuciya: Siasia ya gayyaci Musa, Keshi ya gayyace shi, Oliseh da Rohr da Peseiro duk sun gayyace shi. Masu horaswa biyar da ba sa jituwa a ra'ayi, a cikin shekara fiye da 10, ba za su haɗu a kan kuskure ɗaya ba.

To, sai masu ido.

Su ba sa musun alƙaluman. Abin da suke cewa shi ne a karanta shafin duka, kada a tsaya a layin da ya yi daɗi. Wasa sama da 100, amma ƙwallayen ba su kai 20 ba. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya ci 37 a wasannin da ba su kusa kai na Musa ba, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1993. Victor Osimhen ya wuce Musa nesa tun bai buga rabin wasanninsa ba. Sannan ga Ingila. A wasan share fage ya zura wa Barcelona biyu, duk gidajen kallo suka ɗauka an gama. Da aka shiga gasar ta gaske, ƙwallo biyu ya ci a Firimiya, ɗaya a ragar Crystal Palace, ɗaya a ta Tottenham. Ya ci Everton biyu a kofin FA a watan Janairu na 2017, daga nan sai benci. Aka sallami Ranieri da ya kawo shi, wanda ya gaje shi bai waiwaye shi ba, a farkon 2018 aka mayar da shi CSKA aro. Masu ido suna cewa a wuri ɗaya da aka gwada shi da manyan duniya mako bayan mako, bai tsaya ba.

Suna da magana a kan wasannin ƙarshen ma. Daga Oktoba 2020 da ya bar Al-Nassr zuwa Afrilu 2021 da ya sa hannu a Pillars, ba shi da ƙungiya, amma aka ci gaba da kiransa. Da yawa daga wasannin da suka kai shi 100 shigar canji ce ta 'yan mintuna, kuma littafi bai bambanta wanda ya yi minti 90 da wanda ya shigo ana shirin hura tashi ba. A kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, Najeriya ta zo ta biyu, Musa ya karɓi lambar azurfa, amma William Troost-Ekong ne ya ɗaura ƙyallen kyaftin a fili, shi yana benci. Nan da shekara 30 yaro zai buɗe waya ya ga an rubuta azurfar, ba zai ga bencin ba.

Hujjarsu mafi kaifi daga gona suka ɗauko ta, kuma duk wanda ya san noman rani na Kadawa zai gane. Ruwan da ake noman rani da shi a Kura da Bunkure da Garun Malam daga Dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ya biyo babban kanal ya rarrabu zuwa ƙanana. Wanda gonarsa take bakin kanal, ruwa yana isa gare shi da ƙarfinsa, a ranar da yake so. Wanda yake can ƙarshen layi kuwa sai abin da ya rage, bayan yashi da kacala sun ci rabonsu, wani lokacin sai ya sayi fetur ya tayar da injin ban ruwa. Idan aka zo girbi aka ce wancan ya sami buhu kaza a eka, wannan ya sami ƙasa da haka, ba wanda ya yi ƙarya, amma ba a gaya maka wanda ya fi iya noma ba. CSKA a shekarun nan, in ji su, bakin kanal ce: ƙungiya mai kuɗi, da gola irin Akinfeev, da ɗan gaba irin Seydou Doumbia. Kofi uku na ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba.

Sai su kawo nasu gwanin, Rabi'u Ali, wanda Kano take kira Pele. An haife shi a 1980, ya girmi Musa da shekara 12, kuma har ya haura 40 yana ci wa Pillars ƙwallo. Da shi aka ɗauki lig sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, da shi aka ci kofin ƙalubale a 2019. A gasar CHAN ta 'yan wasan gida a 2014, ranar da Maroko ta yi gaba da 3-0 kafin hutu Najeriya ta dawo ta ci 4-3, yana cikin waɗanda suka zura. Ya je wasan ƙarshe na gasar a 2018. Duk wanda ya zauna a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya ga yadda yake ajiye ƙwallo a bugun tazara ya san abin da ake nufi. Idan aka jera takardunsa da na Musa, ba a ma fara gardama ba an gama. Masu ido kuwa suna cewa wajen sarrafa ƙwallo da karanta fili, ba su yarda Musa ya fi shi ba.

Ni dai ga inda nake. Kwatanta Musa da Yekini a yawan ƙwallo rashin adalci ne, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Yekini ɗan gaba ne na tsakiya, ƙungiya gaba ɗaya shi take yi wa hidima. Musa yawancin rayuwarsa a gefe ya yi ta, yana ja da 'yan baya, yana bugo wa wasu. Wanda ya ƙi lissafi sannan ya ɗauko 37 ya buga wa Musa a ka, ai shi ma lissafin ya yi, sai dai ya zaɓi wanda ya yi masa. Maganar bakin kanal kuma gaskiya ce rabi. Gona gado ake ci ko a saya, amma gurbi a CSKA ba a gadonsa. Daga Jos zuwa Kano zuwa wata ƙaramar ƙungiya a Holan, ƙafarsa ce ta kai shi, kuma da ya je bai zama ɗan rakiya ba, shekara huɗu da rabi yana cikin 'yan wasan farko a ƙasar da sanyinta yake korar baƙi.

Amma batun Leicester, masu ido sun yi gaskiya, kuma masoyansa su daina kewaye-kewaye. Ana cewa ba a ba shi dama ba, Vardy da Mahrez sun tare wuri, an sayo Slimani bayansa da kuɗin da ya fi nasa. Duk haka ne. Sai dai Wilfred Ndidi ya zo ƙungiyar nan a watan Janairu na 2017, wata shida bayan Musa, ya kama gurbi ya riƙe shekara da shekaru. Gudu shi ne babban makamin Musa, kuma a Ingila ya tarar da 'yan bayan da ba a tsere musu da sauƙi. A ƙwallon ƙungiya, ɗan wasa ne mai kyau ƙwarai wanda bai kai sahun farko na duniya ba. Kanu ya ci kofin zakarun Turai da Ajax, ya ci Firimiya da Arsenal. Mikel ya ci duka biyun da Chelsea. Musa ba ya cikin wannan layin. A rigar ƙasa kuwa labarin ya juya. A cire wasannin 'yan mintuna, a cire azurfar Kwaddibuwa, a cire biyun da FIFA ta cire. Huɗun nan na kofin duniya suna nan, kuma an ci su ne a ranakun da ƙafar manya take rawa. Wannan ba alƙalami ne ya ba shi ba, masu idon ma sun gani, sun yi tsalle sun kifar da benci a gidajen kallo.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu suke tsallakewa, wanda a ganina ya fi gardamar tasu muhimmanci. Muna iya yin wannan musu a kan Musa ne saboda Turawa sun rubuta. Kowane minti da ya buga a Holan da Rasha da Ingila yana nan, da wanda ya ba shi ƙwallo, da minti nawa aka cire shi. Shi kuwa Rabi'u Ali, an yarda ƙwallayensa na lig sun haura 100, amma ka nemi jerin su ɗaya bayan ɗaya, da rana da fili da hoton bidiyo, ka ga wahala. Yawancin wasannin da ya yi fice a cikinsu ba a nuna su a talabijin ba. Don haka idan mai waya ya ce wa dattijo "kawo shaida", ba gaskiya ce ta ba shi nasara ba, rashin ajiya ne ya ɗaure bakin dattijon.

Kada kuma masu kishin gida su ɗauka alƙaluman gida wankakku ne. Pillars ta shekara 12 ba a ci ta a Kano ba, wasa 202, har sai da Nasarawa United ta karya a 2015. Abin alfahari ne, ni ma na yi ihun "Sai Masu Gida" kamar kowa. Amma duk mai bin lig ɗin Najeriya a shekarun nan ya san cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowace ƙungiya, kuma an daɗe ana ƙorafi a kan alƙalanci da tsaron baƙi a filaye da dama. Ƙwallon da aka ci a irin wannan yanayi, mai saye daga waje yana rage mata daraja tun kafin ya kalle ta, ko da kuwa tsabtatacciya ce. Yaron kirki ne yake biyan bashin.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Babu garin da za ka shiga daga Kura zuwa Bunkure ba ka ga fili da sanduna biyu ba, ko a makarantar firamare ko a gonar da aka girbe. Ana gasar unguwanni, ana gasar kofin wane da wane, musamman idan zaɓe ya ƙarato. A gama, a ba da kofi, a yi hoto, shi ke nan. Yaron da ya ci ƙwallo a kowane wasa shekara uku a jere ba shi da ko takarda ɗaya da za ta nuna haka. Ranar da ya je gwaji Kano, da shi da wanda bai taɓa cin komai ba daidai suke, sai wanda yake da mai faɗa masa. Iyayensa kuwa, da suka san kwandon tumatir nawa suka kai Kwanar Gafan bara da farashin da aka saya, suna da hujja idan suka ce ƙwallo shiririta ce ya koma gona, tunda babu abin da zai ajiye a gabansu. Abin da ya fitar da Musa daga Kano yana ɗan shekara 17 lamba ce, 18, wadda aka rubuta aka yaɗa har ta isa kunnen mutanen Holan.

A 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa Janar Manaja na Kano Pillars. Ya zauna a ƙungiyoyin da suke da ma'aikaci wanda aikinsa kawai rubuta abin da ya faru a fili, ya kuma ɗanɗana yadda ake ji idan aka goge wa mutum wasa biyu. Yallaɓai, a ɗauki irin wannan ma'aikacin a Pillars. A bi tsofaffin jaridu da faifan gidajen rediyon Kano a tattaro wasannin ƙungiyar tun kafuwarta a 1990, a fara da na Rabi'u Ali tun shi da abokan wasansa suna nan za a iya tambayarsu. Masu shirya gasa a Kura da Bunkure da Garun Malam kuma ba sai sun jira Kano ba: littafi mai bango ɗaya, da biro, da malamin makaranta guda da zai zauna bakin fili ya rubuta sunan wanda ya buga da wanda ya ci, daga gasar bana.